A Daina Ɗora Wa Tsohuwa Maita



Tun da fita bayan magariba ta zama kasada a Daudawa da kewaye, zumuntarmu ta koma yin wasan labari ranar Asabar da la'asar. Mutum ɗaya ke riƙe da labarin, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, in za a yi abu mai haɗari sai a jefa ƙwayar ludo ta yanke hukunci. Wanda ya fi suna a irin wannan wasa, Dungeons & Dragons, a Amurka ya fito a 1974. Ni ba da wasan nake faɗa ba. Da mugun da muke ƙirƙira nake.

Sau uku a jere, ko wa ya riƙe labarin, mugun bai canja ba: tsohuwa mai jajayen idanu, ita kaɗai a ɗakinta a bayan gari, tana kama kurwar yara tana shan jini. Jarumai su kewaye ɗakin, su tilasta mata ta tsallake yaron, a yi tafi a watse. Wannan ragwanci ne, kuma zalunci ne.

Ragwanci ne domin tun ba a jefa ƙwaya ba kowa ya san ita ce. Ina gwagwarmayar? A 1983 Tracy Hickman da matarsa Laura suka fitar da labarin Ravenloft, bayan ya ci karo da wani mai shan jini da aka ajiye a lungun wasa ba dalili ba tarihi. Nasu mai shan jinin, Strahd, mai mulkin ƙasa ne. Yana da fada, yana da buri, ya san lokacin kai hari da lokacin ja da baya. A littafin Dracula na Bram Stoker kuwa, na 1897, akwai ƙa'idar da ta fi haƙora ban tsoro: mai shan jini ba ya iya shiga gida karon farko sai wani na ciki ya gayyace shi.

Mu mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, wa zai koya mana wannan? Waɗanda suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ba tsofaffi masu dogara sanda ba ne. Yau ko yaro ya san ma'anar infoma. Da ɗan gari akan ci gari.

To, mai riƙe da labari, in mugu kake so na gaske, ba shi fuskar da ake so. Ya zama shi ne mai ba da rancen hatsi da bazara, ya karɓi buhu biyu a kan ɗaya da kaka, a kuma riƙa sa masa albarka. Ba shi ƙofar shiga: ɗaya daga cikin jaruman yana riƙe da bashinsa, wata kuma shi ya biya kuɗin asibitin mahaifiyarta. Sannan kada takobi ya isa kawar da shi. A bar nasara ta rataya a kan wanda zai tashi a gaban gari ya ce, “Ni na buɗe masa.” A nan ne za ka ga tebur ya yi tsit. Manzo Bulus ya gargaɗi ikilisiyar Korinti cewa Shaiɗan da kamannin haske yake zuwa. Yahuza ma ba daga daji ya fito ba; shi ne mai riƙe da jakar kuɗi, akushi ɗaya suke ci.

Zalunci kuwa, da idona na gan shi. Ƙannenmu suna zama a gefe suna saurare. Ranar Lahadin da ta biyo baya, wata baba gwauruwa da ta shekara da shekaru tana share mana majami'a ta zo wucewa, sai wani yaro ya matsa gefe yana cewa “kurwata kur.” Ta ji. Ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da shararta.

Wani zai ce ai wasa ne. Haka ne, amma da wasa ake koya wa yaro wanda zai tsana. Gobe zazzaɓin cizon sauro ya kayar da jariri, maimakon a nufi asibiti, ƙofar wa za a nufa? Tsohuwar da ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata, ita ce kullum ke biyan kuɗin tatsuniyarmu.

Asabar mai zuwa ni ke riƙe da labari. Babu mayya a ciki. Akwai dai mutumin kirki da zai yi muku sallama, kuma ku ne za ku ce masa ya shigo. Kafin nan, kowa ya je ya gaishe da baba, ya karɓi tsintsiyar hannunta.

Ubangiji ya ba mu idon ganewa. Amin.