Ana nesanta mana ƙwallo, caca kuma tana shigo mana har ɗaka

A cikin abin da bai kai wata biyu ba, filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina ya tashi daga masaukin baƙi ya koma wurin da aka hana masu shi taka leda. A watan Oktoban 2025 magoya bayan Kano Pillars suka afka cikin fili bayan an tashi kunnen doki da Shooting Stars a filin Sani Abacha. Hukumar gasar Firimiyar Najeriya ta ci ƙungiyar tara, ta zabtare mata maki uku, ta kuma tura ta Katsina ta riƙa karɓar baƙi. A watan Nuwamba sai ga shi an yi hargitsi a wasan Katsina United da Barau FC, har ɗan wasan Barau, Nana Abraham, ya ji rauni a wuya. Hukumar ta ci Katsina United tarar Naira miliyan 9, ta ce ta tattara ta koma Jos.

Wanda ke zaune a birnin Katsina ya rasa wasan da yake zuwa da ƙafa ko a Keke Napep. Wanda ke Dutsi, ko Shargalle, ko Kayawa, ko Yamel, dama can sai ya yi tanadin kuɗin mota kafin ya ga ƙungiyar jiharsa ido da ido, sai kuma aka ƙara masa nisa. Amma akwai abin da bai taɓa yi masa nisa ba, wato manhajar cacar ƙwallo da ke cikin wayarsa. Ra'ayina shi ne, sauya wa ƙungiya fili, da sakaci da lafiyar 'yan wasa, da yaɗuwar caca, igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Duk lokacin da aka raba ƙwallo da mutanenta, mai kallo yakan daina ganin ɗan wasa a matsayin ɗan garinsu, ya koma ganinsa kamar lamba a jikin tikiti.

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A Amurka, inda ake buga irin tasu ƙwallon da ake runguma a ruga da ita kamar zari-ruga, an daɗe ana cece-kuce a kan waɗannan abubuwa uku. Ƙungiyar Rams ta bar birnin St. Louis ta koma Los Angeles a 2016, mutanen birnin suka kai ƙara, aka sasanta a 2021 a kan Dala miliyan 790. Raiders ta bar Oakland ta koma Las Vegas a 2020, bayan jihar Nevada ta amince a zuba Dala miliyan 750 na kuɗin jama'a a ginin sabon fili. A watan Afrilun 2024 kuwa, masu zaɓe a yankin da ƙungiyar Kansas City Chiefs take suka ƙi amincewa da harajin da za a yi aikin filaye da shi. Can attajirai ne ke da ƙungiyoyin, kuma riba ce ke sa su ƙaura.

Namu ya bambanta, kuma bambancin ya fi ba mu haƙƙin magana. Katsina United ta gwamnatin jiha ce. Albashin 'yan wasanta, da kuɗin motarta, da na otal, daga asusun jiha suke fitowa, asusun da ƙananan hukumomi 34 ke da rabo a cikinsa. Manomin gero a Dutsi da bai taɓa taka filin Karkanda ba, shi ma yana cikin masu ƙungiyar. Idan an ci ta tara, aljihunsa aka taɓa. Idan an mayar da ita wata jiha, kuɗin man fetur da masauki na kowane wasan da ake kira na gida a wuyansa suke.

Masu goyon bayan irin wannan hukunci suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Alƙalin wasa mutum ne mai iyali, ɗan wasan baƙi ma haka. Filin da ake jifa a cikinsa bai cancanci a kira shi filin wasa ba, kuma hukumar da ta zuba ido har aka rasa rai ita za a fara tuhuma. Akwai kuma lokacin da ƙaura takan zama dole, kamar shekarun da rashin tsaro ya tilasta wa El-Kanemi Warriors barin Maiduguri ta riƙa karɓar baƙi a wasu garuruwa.

Sai dai a duba ko maganin yana warkarwa. A watan Afrilun 2022 an farfasa motar Katsina United a Kano, aka ci Pillars tara, aka zabtare mata maki, aka tura ta Abuja. A ƙarshen wannan kaka ƙungiyoyin biyu suka faɗa rukuni na ƙasa, suka dawo tare a 2023. Shekara uku da rabi bayan wancan hukunci, abin ya sake faruwa a fili ɗaya. Dalili a bayyane yake: wanda ya yi jifan ya koma gida ya kwana lafiya, aka bar mai sayar da ruwan leda, da mai tsire, da ɗan acaɓa, da dubban da suka zauna a kujerunsu da ɗaukar hukuncin. Laifin wani ya shafi wani ke nan, shi kuwa mai laifin ya koyi cewa ba abin da zai same shi. Ga kuma haɗarin hanya da ake ƙara wa 'yan wasa. Ba a manta da watan Maris na 2015 ba, lokacin da 'yan fashi suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suka raunata 'yan wasa biyar.

Wannan ya kawo mu ga batun lafiyar ɗan wasa. A ƙwallon Amurka, ɗan wasan da ke jefa ƙwallo yana jagorantar hari shi ne ƙashin bayan ƙungiya, kuma rauninsa kan rikita kaka guda. A Satumban 2022 Tua Tagovailoa na Miami Dolphins ya bugu a ka, aka bar shi ya ci gaba da wasa, bayan kwana huɗu ya sake buguwa aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya. Surutun da ya biyo baya ya sa aka sauya dokar duba masu buguwar kai tun kakar ba ta ƙare ba. A ranar 2 ga Janairun 2023 zuciyar Damar Hamlin na Buffalo Bills ta tsaya a tsakiyar fili. Likitoci suka rufu a kansa nan take da na'urar farfaɗo da bugun zuciya, ya rayu, har ya dawo wasa.

A kwatanta da ranar 8 ga Maris na 2020 a Lafiya, inda Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi ana tsaka da wasa da Katsina United. Rahotanni sun ce motar ɗaukar marasa lafiya da ke filin ta ƙi tashi. Martins bai rayu ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan bayan Samuel Okwaraji ya faɗi a Legas ranar 12 ga Agustan 1989, a wasan Najeriya da Angola. Rai na hannun Allah, amma ɗaure raƙumi aikinmu ne.

Idan haka abin yake a babbar gasar ƙasa, yaya yake a gasar unguwanni da ake bugawa a filayen firamare na yankin Daura bayan an kawar da amfanin gona? Yaro zai yi karo da wani ya faɗi sumamme, a zuba masa ruwa a ka, ya miƙe, 'yan kallo su yi tafi ya koma ciki. Wanda ya karye sai a kai shi wurin mai ɗori da kuɗin karo-karo, daga nan an manta da shi. Ana samun kuɗin kofi da riguna masu hoton ɗan siyasa, amma ba a samun na akwatin taimakon gaggawa.

A cikin wannan giɓi ne caca ta sami wurin zama. Matashin da ba ya iya zuwa kallon ƙungiyar jiharsa yana da gidan kallo, inda ake nuna masa Arsenal da Barcelona da Real Madrid. A nan ne ake yaɗa hasashen wa zai ci wa zai sha kashi, wasu har kuɗi suke karɓa a WhatsApp da Telegram da sunan suna da sakamako tabbatacce. Lissafi kaɗan ya isa ya tona wannan. A ce mutum ya haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, kuma a kowane wasa yana da damar cin kashi 70 cikin 100. Damar a ce duka goman sun zo daidai ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Idan kuwa kowane wasa raba-daidai ne, damarsa ɗaya ce cikin 1,024. Wanda ya san sakamako da gaske ba zai sayar da shi a kan Naira ɗari biyar ba. Addininmu ya haramta caca tun kafin a ƙirƙiro waya, kuma lissafi ma bai goyi bayanta ba.

Ɓarnar ba ta tsaya a aljihu ba. Mai tikiti ba ya jin tausayin ɗan wasan da ya karye, haushinsa yake ji don ya lalata masa lissafi. Wanda ya sa kuɗin cefane a kan wasa ya fi saurin ɗaukar dutse idan alƙali ya busa abin da bai yi masa daɗi ba. Ƙasashen da suka buɗe wa caca ƙofa sun fara ganin haka. Kotun Ƙolin Amurka ta ba jihohi damar halatta cacar wasanni a 2018, zuwa 2022 an dakatar da Calvin Ridley kaka guda saboda ya yi caca a kan gasar da yake bugawa. A Ingila an dakatar da Ivan Toney wata takwas, hukumar ƙwallon Italiya kuma ta dakatar da Sandro Tonali na Newcastle wata goma, duka a 2023, kuma ƙungiyoyin Firimiya sun amince su cire tallar kamfanonin caca daga gaban rigunansu. Mu da ɗan wasanmu kan yi watanni yana jiran albashi, mun fi su zama cikin haɗarin a saye wasa. Ƙasar da aka taɓa tashi wasa 79 da nema da kuma 67 da nema a rana ɗaya a 2013, don neman hayewa rukuni na gaba, ba ta da bakin cewa hakan ba zai yiwu ba.

A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Ke nan Majalisar Dokokin Katsina ba ta da wanda za ta jira. A Kano, Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. Matakin yana da amfani, amma ana rufe shago ne da kwaɗo, ita kuwa waya ba ta da ƙofa. Dole a haɗa hani da abin da zai maye gurbin abin da aka hana.

Ga abin da nake ganin ya kamata. Hukumar gasa ta mayar da korar ƙungiya daga garinta matakin ƙarshe. A fara da hana 'yan kallo shiga na wasu wasanni, a tilasta sanya kyamarori da sayar da tikiti daidai da yawan kujeru, a kama wanda ya yi jifa a gurfanar da shi da sunansa, a hana shi shiga fili. Gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa ta tabbatar ba a busa usur a duk wasan da jiha ke da hannu a ciki sai da likita, da motar asibiti mai tashi, da na'urar farfaɗo da zuciya, kuma kowane ɗan wasa yana da inshora da gwajin zuciya kafin kaka. Katsina United ta riƙa fita wasannin sada zumunta da zaɓen 'yan wasa a Daura, da Dutsi, da Mashi, da Mai'aduwa, don yaran yankin su san ƙungiyar tasu ce.

Ƙaramar Hukumar Dutsi ma tana da nata rabon. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, jama'a na da damar tambayar shugabanninsu kai tsaye. Fili ɗaya mai katanga da raga, da gasar mazaɓu da za a riƙa yi duk shekara ba sai zaɓe ya ƙarato ba, da ma'aikacin lafiya ɗaya a bakin fili duk ranar wasa, ba su fi ƙarfin kasafin ƙaramar hukuma ba. Masu gidajen kallo su hana tallar hasashe a rumfunansu, limamai da iyaye kuma su riƙa kiran abin da sunansa, domin yara da yawa sun ɗauka wasa ne kawai.

Yaron da ke da ƙungiyar mazaɓarsu da zai buga wa ranar Juma'a da yamma, ƙannensa na bakin fili suna kiran sunansa, yana da abin da zai sa rai a kai wanda ya fi tikiti. Idan hukumomi suka ci gaba da barin wannan fili babu kowa, kamfanonin caca ba za su bar shi ba, kuma kuɗin da za su kwasa na cefanen gidajenmu ne.