Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Limamai da Masu Unguwannin Sharada

Allah ya gafarta malamai, ranku ya daɗe iyayen ƙasa.

Kukana a kan matan da aka yi wa dashen ƙoda ne. Tun 2002 Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake wannan aiki, amma har yau mace ba ta gama murmurewa ba dangin miji sun fara gorin haihuwa, wasu har da barazanar kishiya.

Ba a hana ta haihuwa ba. Tun 1958 aka samu wadda ta haihu lafiya bayan dashe a Amurka. Jinkiri kawai likitoci suke nema: aƙalla shekara 1, sai ƙodar ta zauna, an shawo kan hawan jini. Akwai kuma maganar magani, wadda ta fi tayar min da hankali. Mycophenolate, da ake sha don kada jiki ya ƙi ƙodar, yana jawo ɓari da nakasar jariri, dole likita ya sauya shi aƙalla mako 6 kafin ɗaukar ciki. Matar da aka takura wa tana iya daina sha a ɓoye, ta rasa ƙodar da ɗan'uwanta ya sadaukar.

Ku ake jin maganarku, kuma kare rai amana ce a wuyanku. Ina roƙo ku faɗa a huɗuba cewa wannan tazara neman lafiya ce. Ku gayyato likitan ƙoda ya yi wa magidanta bayani, ranar da ma'aikatan kamfanoni suke hutu. In irin wannan ƙara ta zo zaurenku, ku nemi takardar likita kafin sulhu.

Wassalam.
'Yarku, daga Sharada, Kano.