SHARHI: Fansho da inshorar lafiya a Limancin Kona: Doka na nan, amma wa ke binta?

Limancin Kona na daga cikin tsofaffin unguwannin birnin Zariya da suka yi suna wajen ilimi, kuma Limamin Kona na cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau. A yau, matasan wannan yanki da dama na cin abinci ne daga makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci, shagunan magani da gidajen burodi. Ga irin wannan ma'aikaci, batun da ba a cika tayarwa ba shi ne makomarsa ranar da ƙarfi ya ƙare ko ciwo ya kwantar da shi.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci a asusunsa na ritaya, a kuma cire kashi 8 daga albashin. Idan aka yi lissafi da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, ajiyar ta kai Naira 12,600 kowane wata. Dole a tura kuɗin cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, wanda ya yi jinkiri kuma akwai tarar aƙalla kashi 2 cikin ɗari a kowane wata. Haka nan dole mai aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ta kai ninki uku na albashinsa na shekara.

A ɓangaren lafiya, dokar hukumar NHIA ta 2022 ta mayar da inshora wajibi, ta kuma haɗa da masu ma'aikata biyar zuwa sama. Jihar Kaduna tana da nata tsarin: dokar fansho ta 2016, da hukumar KADCHMA mai kula da taimakekeniyar lafiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne aiwatarwa. Babban makamin hukumar PenCom shi ne takardar shaidar bin doka, wadda kamfani ke buƙata kafin ya nemi kwangilar Gwamnatin Tarayya. Mai makaranta a lungun birni ba ya neman kwangila a Abuja, don haka wannan makami ba ya isa gare shi. Ƙari a kan haka, wanda aka ɗauka aiki da baki, ake biyansa hannu da hannu, ba shi da takardar da zai kafa hujja da ita, kuma tsoron sallama na hana shi magana.

Akwai kuma shakkun riba, wanda ke da nauyi a unguwar malamai. A 2021 PenCom ta fito da asusu na shida, wanda ake juya kuɗinsa ba tare da kuɗin ruwa ba. Tun 2019 kuma aka buɗe tsarin ƙaramin fansho domin masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa. Amfanin waɗannan hanyoyi ya dogara ne ga isar bayaninsu zaurukan karatu da majalisun matasa.

Masu ƙananan sana'o'i su ma suna da hujja: tsadar kaya da ta wuta ta matse ribarsu, ƙarin kashi 10 kuwa ba ƙaramin nauyi ba ne. Sai dai idan ba su ɗauka ba, nauyin yana komawa kan iyali da dangi ranar da aka kwantar da ma'aikaci a asibitin koyarwa na Shika.

Gwamnatin jiha na iya ɗaura sabunta lasisin makarantu da asibitoci masu zaman kansu a kan shaidar biyan fansho da inshora. Shi kuwa ma'aikaci, matakin farko shi ne ya nemi takardar ɗaukar aiki, ya buɗe asusun ritaya, ya riƙa duba ko kuɗin da aka cire masa sun shiga. Matasan da ke tuhumar 'yan takara kan samar da aiki, ya kamata su ƙara da tambayar wane ne zai tilasta bin waɗannan dokoki.