Masu tace bidiyo a Makera: A daina gaggawar yi wa kwamfuta fomatin

A shagunan ɗaukar hoto da bidiyo na Makera da Kakuri, a Kaduna ta Kudu, akwai kukan da aka saba ji: saura ƙiris a gama fitar da bidiyon biki, sai manhaja ta daskare ko ta rufe kanta. Iyayen amarya sun biya, suna jira. Idan aka je wurin mai gyara kuwa, amsar da aka fi samu ita ce a yi fomatin.

Wannan magani ne da ba a binciki ciwo ba. Sau da yawa laifin ba na Windows ba ne, kuma ba na Premiere Pro ko CapCut ba ne. Kaya ne ya fi ƙarfin jaki.

Akasarin kwamfutocin da ake aiki da su na gwanjo ne, wayoyin da ke ɗauko bidiyon kuma sababbi. Tun 2017 iPhone ta koma ɗauka da tsarin H.265, wanda ke rage girman fayil amma yake wahalar da furosesa. Furosesocin Intel da suka girmi ƙarni na 6, na 2015, ba su da cikakken sashen da ke buɗe shi kai tsaye. Ga kuma 4K, wanda ya ninka 1080p sau huɗu. Kamfanin Adobe da kansa ya ba da shawarar RAM mai 16GB don aikin HD, 32GB don 4K. Mai 8GB ba zai ga sauƙi ba, ko sau goma aka yi masa fomatin.

Akwai kuma wata matsalar: waya kan sauya yawan hotunan da take ɗauka a kowace daƙiƙa, abin da ke sa murya ta saɓa da motsin baki. Manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, tana mayar da irin wannan fayil zuwa H.264 mai tsayayyen gudu kafin a fara aiki. Premiere Pro da DaVinci Resolve kuma suna ba da damar yin tacewa da ƙaramin kwafi mai sauƙi, sai lokacin fitarwa a koma kan na asali.

Sai zafi. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, ana shiga Maris da Afrilu furosesa ta kusa maki 100, sai ta rage gudu don kare kanta, ko kwamfutar ta mutu baki ɗaya. Share fanka da sauya man sanyaya furosesa sun fi fomatin araha. Haka nan laftof kan rage ƙarfi idan aka ɗauke wuta ta koma kan batir.

Manhajar sata ma tana da nata laifin: ba ta karɓar gyaran da kamfani ke fitarwa, wani lokaci ta zo da bairos. DaVinci Resolve na da sigar kyauta ta halal ga wanda kwamfutarsa za ta iya ɗauka.

Don haka kafin a ruga wurin mai gyara, a buɗe Task Manager a ga abin da ya cika, RAM ne ko faifai ko furosesa. Sannan a ajiye ainihin bidiyon a wuri biyu tun ranar biki. Ana iya sake saka manhaja, amma ba a sake ɗaurin aure don mai kyamara.