Lambun Shan Iska A Bakin Kogi

Hutun makaranta ya matso, yara kuwa za su dame mu da a kai su kallo, saboda haka yau zancenmu na wurin shan iska ne.

A Kaduna akwai wani lambu a bakin kogi wanda jama'a suka fi sani da Ƙofar Gamji, ko da ya ke an sa masa sunan Janar Hassan Usman Katsina. A cikinsa a ke ganin wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904, zamanin Gwamna Lugga, sa'an nan aka kwance ta aka kawo nan a 1954. Masu shirya wurin sun gina tafkin iyo, suka kuma killace kadoji don 'yan kallo. Abin ya dace, gama an ce daga kadojin kogin nan garin ya sami sunansa.

To, mu fa, mutanen Ajingi da Gaya? In yaro ya so ganin dabba sai a ɗauke shi har Kano, gidan namun dajin da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana uwa. Alhali ga kogi a ƙofarmu, wanda ya biyo ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗejiya, da tsuntsayensa waɗanda ba su bukatar keji: belbela, da kirinjijiya, da ɗinya, da shamuwa mai zuwa gab da damina. Gauraka ne ya yi wuya. Na tambayi 'yan ajina, kusan duka a hoto suka san shi. Masu kama shi su sayar sun rage shi, kuma tun da aka tare ruwa a Tiga a 1974, da Challawa a 1992, fadamun da ya ke kiwo ba su cika kamar dā.

Ra'ayina shi ne a keɓe fili a bakin kogi wajen Wudil, inda hanyoyinmu suka haɗu, a yi mana lambu. Amma a ji ta bakin mata kafin a aza harsashi. Maza in sun shirya irin wannan wuri, babbar ƙofa da fenti su ke fara tunawa. Mai goyo kuwa abin da ta ke tambaya dabam ne. Ina inuwa? Ina ruwan sha mai tsabta? Ina makewayin mata, mai ƙyaure da buta? Ina za ta yi azahar? Wurin da babu waɗannan, ko zaki aka ajiye, ba za ta yi awa biyu ba.

Mafi girma duka shi ne shinge tsakanin yara da ruwa. Kowace damina mu kan ji labarin yaron da kogi ya ci. Gaɓa ta kan zabtare, yashi kuma mayaudari ne, musamman inda masu tifa suka haƙa. Lalle a sa mai gadi wanda ya iya iyo, a kuma hana 'yan danko shiga, in ba haka ba tsuntsun da aka zo kallo zai ƙaura.

Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Wudil da Gaya da Ajingi su zauna a kan wannan. Ƙungiyoyinmu na mata kuwa su ɗauki dashen itatuwa, gamji da tsamiya da maɗaci, da zarar ruwa ya zauna.