Katin da ke shaida cewa muryarka ta isa Japan

Mu da muka tashi a ƙauyukan Tofa mun saba ganin dattijo ya rataye rediyo a reshen darbejiya yana noma, yana sauraron BBC ko DW a gajeren zango. A kan wannan zangon akwai wasu mutane da ke magana da junansu daga ɗakunansu, ba tare da layin waya ko data ba. Su ne masu rediyon sha'awa. Kowannensu yana da lasisi da lambar kira: ta ɗan Najeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar kuma da 5U.

To, idan wani ya ce jiya da dare ya yi magana da mutumin Japan, wa zai yarda? Murya ta bi iska ta wuce. Shi ya sa suka ɗauki wata al'ada: magana ba ta tabbata sai ɓangarorin biyu sun rubuta ta kuma rubutunsu ya zo ɗaya.

Kowace tasha tana da littafin rajista. Ana rubuta lambar kiran wanda aka samu, kwanan wata, lokaci, zango, da yadda aka ji shi. Kyawun ji ana ba shi maki 1 zuwa 5, ƙarfin sigina kuma 1 zuwa 9. Wanda aka ce masa 59, an ji shi raɗau ke nan. Daga baya sai su aika wa juna kati mai ɗauke da waɗannan bayanai, wanda ake kira QSL, wato "na tabbatar na ji ka". Tun 2003 ƙungiyar ARRL ta Amurka ta buɗe Logbook of the World, inda kowa ke ɗora rajistarsa ta intanet, kwamfuta ta gwada su. Wanda ya tara shaidar ƙasashe da yankuna 100 yana samun takardar yabo ta DXCC.

Inda mutane ke yawan tuntuɓe shi ne lokaci. Duk duniya da agogon UTC ake rubutawa, kuma namu yana gabansa da awa ɗaya. Idan ka yi magana da ƙarfe 12:30 na daren Litinin wayewar Talata, a agogonmu Talata ta shiga, amma a rajista 23:30 ne na Litinin. Ka rubuta Talata, rajistarka ta saɓa da ta abokinka, shaida ta rushe.

Kayan tashar ba su da yawa: akwatin da ke aikawa da karɓar magana, eriya, wayar da ke haɗa su, sai wuta. Yawancin akwatunan suna aiki da batir mai bolt 12, don haka batir da farantin sola sun wadatar ko babu wutar nefa. Eriya kuwa lissafin ajin fiziks ce. A megahaz 14, raba 300 da 14, ka samu tsawon zango kusan mita 21. Rabinsa, bayan an ɗan rage, waya ce mai kusan mita 10, biyar dama biyar hagu, a ɗaure tsakanin bishiyoyi biyu. A nan mun fi 'yan birni sa'a, don muna da fili kuma hayaniyar na'urori ba ta da yawa. Siginar tana tashi sama, ta bugi wani sashen sararin samaniya mai cajin lantarki, ta dawo ƙasa a wata nahiya.

Amma fa a kula: aika magana ba da lasisi ba laifi ne. Sauraro kuwa kyauta ne. Ƙaramar rediyon Baba ba za ta fitar da muryarsu sarai ba, sai mai tsarin SSB, amma jami'ar Twente ta ƙasar Holan tana da na'urar da ake saurara ta intanet a waya.

Shawararmu ga kulob ɗin kimiyya na makarantarku: ku ware littafi guda, ku ja layuka biyar. Ɗalibai biyu su saurari tasha ɗaya, kowa ya rubuta nasa ba tare da leƙen ɗan'uwansa ba, sannan ku gwada. Ranar 18 ga Afrilu, ranar masu rediyon sha'awa ta duniya, ku ƙirga ƙasashe nawa rubutunku ya zo ɗaya a kansu.