Rabin Magani a Kemis ɗin Kunci

Da damina ta kankama a Kunci, gero ya rufe gonaki, sai kemis ya cika da iyaye masu neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Da yawa ƙwaya huɗu ko shida suke saya, gwargwadon kuɗin aljihu. Jikin yaro na yin sanyi, sai a ajiye sauran a kan kwabet.

Wannan ɗabi'a gata ce ga ƙwayar cutar. Ƙwayoyin cutar da suka tsira daga rabin magani sukan kasance masu ɗauke da sauyi a ƙwayoyin halittarsu, kuma su sauro ke kwasa ya kai gidan maƙwabci. Haka kulorokwin ya rasa ƙarfinsa: sauyi a ƙwayar halittar pfcrt ya ba cutar damar fitar da maganin daga cikinta, har Najeriya ta koma magungunan ACT a 2005.

Yanzu ACT ma ya fara shan matsi. Sauyin ƙwayar halittar kelch13 da aka fara gani a Kambodiya ya ɓulla da kansa a Ruwanda da Yuganda.

Ya kamata hukumomin lafiya na Kano su hana masu kemis gutsura kwali, su tilasta gwajin jini kafin sayarwa, a kuma riƙa jaddada wa iyaye cewa maganin ACT irin su Coartem kwana uku ake sha, safe da yamma.